Aksil Ɗin Ba-Fashi da Idanun Inna

Akwai wani direban tirela da abokan aikinsa ke kira Ba-Fashi, saboda ko ana ruwa ko ana rana ba ya fashin lodi. Tirelar tsohuwa ce, amma tasa ce, kuma da ita yake riƙe da gida.

Garin mahaifiyarsa yana kan hanyar da yake bi. Duk tafiya sai ya faka a bakin titi, ya shiga da buhun shinkafa da sabulu, ya sha ruwan randarta, su ɗan taɓa hira, sannan ya wuce.

Wata rana ya faɗa wani mugun rami da kaya a bayansa. Aksil ɗin baya, wato ƙarfen da ke riƙe da tayoyi, ya lanƙwashe. Da ƙyar aka ja motar zuwa gareji.

Bakanike ya leƙa ƙasa, ya fito yana goge giris a hannu. Ya ce, "Maigida, wannan ya gama aiki. Sabo kuwa, ka san aljihunka. Sai dai mu nemi na hannu."

Suka yi ta yawo wurin masu tsofaffin kayan mota. Wani ya yi gajere, wani kusoshinsa ba su dace ba. Da suka sami mai araha, Ba-Fashi ya kankare fentin da makulli, sai ga tsaga an rufe da walda. Ya ce ba zai ɗora rayukan mutane a kan wannan ba.

Haka tirelar ta zauna a kan katako har ciyawa ta fito ƙarƙashinta. Ya koma tuƙa motar kaya ta wani a cikin gari, yana tarawa kaɗan-kaɗan. Da yamma yakan biya gareji, ya hau kujerarsa, ya dafa sitiyari, yana kallon manyan motoci suna miƙa hanyar garinsu.

Inna takan kira shi a waya. "Ɗan nan, yaushe zan gan ka?"

"An kusa, Inna. Gyara ya yi nisa."

Matarsa ta ce, "Ka hau motar haya mana ka je ka dawo. Inna ba shinkafa take nema ba."

Ya ce, "Ni in shiga gidan Inna hannu rabbana, maƙwabta suna kallo? Ki bari motata ta tashi."

Ƙanwarsa da ke zaune da Inna ita ma ta kira. "Yaya, ka daure ka zo." Ya ji muryarta wani iri, amma bai tambaya ba. Yana tsoron a ce ana bukatar abin da ba shi da shi.

Damina ta wuce kafin a sami aksil mai lafiya, daga jikin wata tirela da aka kwance. Aka ɗaura, aka sa wa tayoyin sabon boris, aka gyara birki. Ya wanke motar fes, ya yi lodi, ya sayi tsaraba fiye da ta kullum.

Ya tarar da Inna zaune a kan tabarma a tsakar gida. Ya yi sallama cike da murna. "Inna, taso ki ga motar, ta dawo kamar sabuwa!"

Ta juyo, amma gefensa take kallo. Ƙanwarsa ta sunkuyar da kai ta ce, "Idon ya daɗe yana raguwa. Ita ta hana a faɗa maka, wai kana da abin da ya dame ka."

Buhun tsarabar ya sulale daga kafaɗarsa. Ya durƙusa a gabanta. Ta lalubo fuskarsa da hannu biyu, ta shafa kumatunsa.

"Ka rame," in ji ta. "Da ka zo lokacin da nake ganin dishi-dishi, da na ƙara kallonka ko sau ɗaya ne. Amma ba komai. Matso kusa, yi mini magana."

Ya buɗe baki, kuka ya riga maganar fita.

Darasi: Ya yi daidai da ya haƙura har ya sami ƙarfe mai kyau, amma iyaye ba sa jiran gyara. Kada kunyar zuwa hannu rabbana ta hana ka zuwa gida. Tura wa ɗan'uwan da ya daɗe yana cewa "sai abubuwa sun daidaita."