Dila da Jerin Aikin Maƙera

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo, mun kasa kunne!

Damina ta kusa, fartanyu da garemani da gatura sun taru a maƙerar Dila, wuta kuwa ɗaya ce. Zomo mai gaggawa ya ce, "Malam Dila, a yi sauri!" Kunkuru mai kawo gawayi ya ce, "A hankali dai, kada a ƙarar mini da gawayi."

Dila ya rasa da wanne zai fara. Can sai ya daka tsalle. "Kullum zan canja jerin aikin, mu gani!"

Kwana shida, jeri shida. Ya watsar da huɗu, ya haɗa biyun da suka fi kyau: safiyar wannan, yammacin wancan. Kai, sai ga sabon jeri, ɗa ya fi iyayensa! Rannan Biri sarkin ɓarna ya hargitsa jerin, ya sa gatari gaban garma. Dila ya ɗauki guduma zai bi shi, sai ya ga aikin ya ƙara sauri. "Biri, gobe ma ka dawo!"

A ƙarshe jeri biyu suka rage: ɗaya mai sauri da cin gawayi, ɗaya mai tattalin gawayi amma mai nawa.

"Wanne ya fi?" in ji Zomo.

Dila ya ce, "Babu wanda ya ka da wani. Ku zaɓa."

Suna cikin musu sai aka kwaɗa tsawa. Kunkuru ya hango fartanyarsa can ƙarƙashin tari, ya juye buhun gawayinsa gaba ɗaya. "Malam Dila, zuga! A ƙone duka!"

Ƙurunƙus kan gafiya! Mai musu ya leƙa buhun Kunkuru.