Kurege da Sunan Ɗan Farin Giwa

Akwai wani a cikinku, ba zan kama suna ba, da ya karanta wa baƙuwar murya kalmar sirrinsa a waya, yanzu yana yawo yana cewa asiri aka yi masa. Asirin me? Gyara zama, ga ta nan, taka ce.

Shekarar da gara ta cinye rumbunan dawa, manyan namun daji suka koma ajiya a gajimare. Kowa ya buɗe asusu. Ka shiga da sunanka da kalmar sirri, ka danna, shaho ya sauko maka da abincinka. Kurege kuwa ko zangarniya bai noma ba, ga yunwa tana murɗa masa hanji.

Ya bugi ƙirji ya ce, "Ni ne Kurege, ƙaramin jiki, babban ciki! Su noma, ni in shiga!"

Ya toshe hanci, ya kira Kura a waya. "Daga ofishin gajimare ne, Hajiya. Yau za a rufe asusunki, sai in kin faɗi kalmar sirri."

"Wayyo kilishina! Nama ce, nama!"

"Nama kawai?"

"In ta fi haka tsawo mantawa nake, Malam."

Kurege ya shiga, ya canza kalmar, ya ci kilishi har ya kasa tashi.

Da gari ya waye ya ɗora tabarau, ya rataya jaka, ya tarar da Ɓauna yana fama da waya yana huci.

"Kawu Ɓauna, ai kofatonka ya fi allon faɗi. Ni mai gyara ne. Faɗa mini, in danna maka."

Ɓauna ya faɗa, har da sa albarka. Kafin azahar Kurege ya naɗa kansa mai kula da asusun, dawar Ɓauna tana sauka a bakin raminsa.

Da gari ya waye sai idonsa ya koma kan Giwa, mai gyaɗar da ta fi ta kowa. Ita ba ta ɗaukar kiran baƙo. Sai ya rubuta sunanta, ya danna wurin waɗanda suka manta kalmar sirri. Wayar ta tambaye shi: mene ne sunan ɗan farinki?

Ya yi dariya. "Shi ke nan? An gama!"

Ya tambayi maƙwabta, kowa Ɗan Inna yake ce wa yaron. Sai ya naɗa rawani, ya yi sallama a matsayin mai rabon maganin yara.

"Inna Giwa, ya sunan babban naki?"

Giwa ta kau da kai, ta rufe fuska da kunne. "Kai, wane irin marar kunya ne? A garinku uwa tana kama sunan ɗan fari? Ko ranar buɗe asusu ƙanwata ce ta rubuta, ni fita na yi."

"To ya kike kiransa?"

"Wancan."

Kurege ya laɓe bayan suri ya rubuta Wancan. Aka ƙi. Ya rubuta Ɗan Inna. Aka ƙi. Ya zuciya, ya yi ta cusa sunaye, har asusun ya kulle, wayar ta ɗauki hotonsa ta aika wa Giwa, da rawani a karkace da surin a bayansa.

Daidai lokacin Kura da Ɓauna suna gabanta suna kai ƙara. Ɓauna ya leƙa hoton ya ce, "Ai mai gyarana ne!"

Suka yi kansa. Giwa ta make shi da haure, Ɓauna ya take masa wutsiya, Kurege ya fizge da ƙyar ya faɗa rami yana ɗingishi. Daga ciki ya ɗaga murya: "Ba wayonku ba ne, kunyar Inna ce ta kama ni! Ke kuma Kura, na san sabuwar da za ki sa: nama da ɗaya!"

Kura ta tsaya cak. "Wa ya gaya masa?"

Ƙurunƙus, na sauke. Kai kuma da na fara da kai, sabuwar taka sunanka ne da shekarar haihuwarka. Ɗago ka dube ni ka ce ƙarya nake.