Kibiyar Gidan Gizo

Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan jikokina.

Ta zo mu ji ta, Kaka!

To, ku matso, ku daina tsungulin juna. Kafin in fara, wa ya san kibiya? Kai Ɗanjuma, ka ce wadda mazan jiya suke ɗanawa a baka su harba, mai kunnuwa biyu da dafi a tsini. Gaskiyarka. Ke kuma Lantana kin ce ƙarfen nan ne da ake tsaga gashi da shi in za a yi kitso. Ke ma gaskiyarki, ko da yake ni rabona da ita tun kafin kaina ya koma kamar bayan ƙwarya. Duka biyun kibiya ake ce musu. Ku riƙe wannan, ga labarin.

Gizo na nan da matarsa Ƙoƙi a wani gari na dabbobi inda Giwa ke sarauta. Ƙoƙi makitsiya ce, da kitson nan take ciyar da gidan. Shi kuwa Gizo aikinsa kwanciya a inuwar rumbu, in inuwar ta matsa shi ma ya matsa.

Ran nan Ƙoƙi ta ce, "Maigida, yau fa ba na ɗora tukunya sai ka fita ka nemo abin da za a zuba a ciki."

Gizo ya ce, "Na ji." Ya juya ɗaya gefen.

Yana nan kwance, cikinsa na kuka, sai ya ji Tunkiya da ake yi wa kitso ta ƙwalla ihu, "Wayyo Ƙoƙi! Kibiyar nan taki akwai kaifi, ta tsaga mini kai har idona ya kawo ruwa!"

Ƙoƙi ta ce, "Yi haƙuri, 'yar'uwa. Kanki ne na uku da ta tsaga yau."

Sai Gizo ya tashi zaune. Ya maimaita maganar a ransa, ya yi murmushi, ya kaɗe rigarsa, sai kasuwa.

Ya tarar da Akuya tana sayar da fura. Ya ce, "Sannu da rana. A dama mini, a sa nono da yawa."

Akuya ta ce, "Me ka zo da shi?"

"Ba komai. Abin da nake da shi na baro shi a gida, don ba a shiga kasuwa da irinsa."

"Mene ne shi?"

Gizo ya sassauta murya ya ce, "Kibiya ce. Yau kaɗai kai uku ta tsaga. Ba ki ji ihu daga gidana da hantsi ba?"

Akuya kuwa ta ji ihun. Ta dama fura ƙwarya guda ta miƙa masa da hannu biyu. Gizo ya shanye, ya lashe ludayi, ya yi gaba yana cewa a ransa, "Ni dai ban yi ƙarya ba."

Washegari ya je wurin Biri mai gyaɗa, ya faɗa masa abin da ya faɗa wa Akuya. Biri ya harare shi ya ce, "Kai Gizo, mun san ka. Nuna mini kibiyar in gani."

Gizo ya ce, "Tana wurin matata. Ita ma fa ta iya aiki da ita. Cinya biyu take matse kan da su, kafin ka ce me ta tsaga shi daga goshi har ƙeya."

Biri ya ce a ransa, in matar ce haka, ina ga mijin? Ya juye masa gyaɗa har sai da aljihu ya cika.

Rana ta uku ya nufi tukubar Kura mai tsire. Kura ta ce, "Na ji labarinka. Ni ba Akuya ba ce, ba na tsoro."

Gizo ya matso kusa. Ya tsaya yana kallon kanta, ya zagaya ta baya ya sake kallo.

"Me kake kallo?"

"Babu. Na tuna ne jiya an yi maganar kanki a gidana. Aka ce ya daɗe yana neman kibiya."

Haka kuwa aka yi, don Ƙoƙi ta ce kan Kura ya cukurkuɗe kamar sheƙar tsuntsu. Amma Kura ina ta sani? Sai ta dafe kai da hannu ɗaya, ta miƙa tsire da ɗayan, har da ƙarin yaji. Daga ranar nan Gizo ya zama abin tsoro. In ya biyo hanya sai a ratse masa. Har tumbi ya ajiye.

Ana nan, rani ya tsananta, rijiyoyi suka ƙafe, ya rage sai tafki ɗaya a bayan gari. Sai ga wani Zaki ya zo ya kwanta a bakin tafkin, yana tsoma kai a ruwa yana ruri, duk wanda ya matso sai ya kai masa mari. Barewa ta je ta dawo tana ɗingishi. Jaki ya je ya dawo da kunne a yage. Yara suka fara kukan ƙishirwa, uwaye na matse musu jiƙaƙƙen tsumma a baki.

Giwa ta tara gari ta ce, "Wa zai fitar mana da wannan bala'i?"

Akuya ta ce, "Gizo." Biri ya ce, "Gizo." Kura ta ce, "Ranki ya daɗe, wa kuwa in ba mai kibiya ba?"

Aka kawo Gizo. Giwa ta ce, "Gaskiya ne a gidanka akwai kibiyar da ke tsaga kai?"

Gizo ya dubi hagu, ga Kura tana sakace haƙori tana kallonsa. In ya ce ta kitso ce, a nan take za ta fanshe tsirenta a jikinsa. Sai ya ce, "Gaskiya ne."

Giwa ta ce, "A kawo masa baka."

Aka jawo wani tsohon baka na kakannin Giwa. Gizo ya kama, ya yi nishi, ko motsa shi bai iya yi ba. Don kada a gane, sai ya yi caraf ya ce, "Ai kibiyar gidana ba ta bukatar baka. Da hannu ake aiki da ita. Sai an matsa kusa an dafa kan tukuna."

Taro ya ɗauki sowa. Giwa ta ce, "Madalla da namiji! Gobe sai ka je ka dafa kan Zaki."

Gizo ya kamo hanyar gida yana marin leɓensa. "Kai bakina, kai bakina! An ba ni baka na kasa ɗagawa, ashe wanda ke fuskata shi zai harbe ni. Gizo, ƙafa takwas Allah ya ba ka, ba ko ɗaya da ta yi hankalin guduwa."

Ya faɗa wa Ƙoƙi duk abin da ya faru. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, sannan dariyar ta koma kuka. Ta ce, "Mu gudu, maigida."

"Mu gudu ina? Ruwan na wurin Zaki, hanyar na wurin Kura."

Ƙoƙi ta zaro kibiyar daga jikin zana, ta goge ta da bakin zanenta, ta miƙa masa. "Ungo. Tunda da ita ka ci, sai ka je da ita."

Da gari ya waye Gizo ya tafi, dabbobi na biye da shi daga nesa. Suka laɓe a bayan tudu, Biri ya hau tsamiya don ya riƙa ba su labari. Gizo ya isa bakin tafki. Ga Zaki kwance, idanu jawur, geza duk laka.

Zaki ya ce, "Wane ne nan?"

Kun san Gizo da tsamin baki, balle in ya tsorata. Ya ce, "Yanka ya daɗe, ni ne."

"Yanka? Wa za ka yanka?"

"A'a, a'a! Rai nake nufi, manyan dawa. Ran naka."

"Me kake ɓoyewa a bayanka?"

Gizo ya fito da ita ya ce, "Kibiya ce."

Zaki ya ƙura mata ido. "Ni an sha harbina da kibiya, na san ta. Wannan ina kunnuwanta? Ina kyauron da ake ɗaura ta?"

Gizo ya ga dabara ta ƙare. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba ta da su. Ta kitso ce. Ta matata ce ma, aro na yi."

Zaki ya ɗaga hannu zai murƙushe shi. Gizo ya rufe ido. Shiru, mari bai sauka ba. Da ya buɗe ido ɗaya sai ya ga hannun ya koma cikin geza, Zaki na susa kamar zai cire fatar kansa, yana ruri, yana sake tsoma kai a ruwa. Ashe ƙaiƙayi ne ya haukata shi, shi ya kawo shi tafkin.

Gizo ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ko ka cinye ni, a tsakanin haƙoranka zan maƙale. Bari in duba kan nan tukuna. In bai yi ba, ga ni, ba inda za ni."

Zaki ya ce, "Hau. In ka ƙara mini zafi, ka san sauran."

Gizo ya hau. Shi bai taɓa kitso ba, amma shekara da shekaru yana kwance yana kallon Ƙoƙi tana yi. Ya sa kibiya ya yi tsaga ta farko, sai ga ƙarangiya cunkus. Garin cire ta, tsini ya soki fata. Zaki ya yi wata irin ƙara ya girgiza kai, Gizo ya faɗa cikin laka tsamo-tsamo.

Biri daga kan tsamiya ya ce, "Ya soke shi! Ya soke shi a ka!"

Gizo ya sake hawa. Ya yi tsaga ta biyu, sai ga kaska manya-manya sun sha jini sun yi ɓul-ɓul. Yana cire su Zaki na mutsu-mutsu. Gizo ya manta inda yake, ya matse kan da cinyoyinsa kamar yadda Ƙoƙi ke yi, ya ɗaka masa ranƙwashi ya ce, "Daina motsi mana, za ki ɓata mini tsaga!"

Sannan ya tuna kan wa ya ranƙwasa. Ya ce a ransa, "Shi ke nan, Gizo, ka yi wa ajalinka ranƙwashi, har ka kira shi mace." Amma Zaki sai ya ce, "To," ya yi lamo.

Tsaga ta uku, ƙwarƙwata ce kamar an watsa gero. Gizo ya sa ƙafafu shida yana tsincewa, biyu na riƙe da kibiya. Daɗi ya ratsa Zaki, ya miƙe ƙafafu, ya kifa haɓa a ƙasa, sai minshari. Gizo ya rasa yadda zai yi da gashin da ya warware, sai ya kama kitsewa, wani layi ya yi gabas, wani ya yi kudu.

Biri ya yi ihu, "Ya faɗi! Zaki ya faɗi!"

Dabbobi suka ɓarke da gudu, masu tulu da masu ƙwarya, ana guɗa. Hayaniyar ta tashi Zaki. Ya miƙe tsaye da karkataccen kitso a ka. Kowa ya daskare.

Zaki ya yi hamma ya ce, "Ku sha ruwanku, ni na warke. Amma wannan makitsin nawa ne. Kullum da hantsi ya same ni a gindin kuka da 'yar kibiyarsa."

Kura ta ce, "Makitsi?" Ta dubi kan Zaki, ta dubi ƙarfen da ke hannun Gizo, ta shafa nata kan. Sai ta gane. Ta yi kukan kura za ta cafke shi.

Zaki ya ce, "Duk wanda ya taɓa shi, shi zai riƙa yi mini susa."

Kura ta ja da baya. Akuya ce ta fara dariya, Biri ya kama har ya kusa faɗowa, gari duka ya ɗauka. Yara dai suka sha ruwa har cikinsu ya yi ƙato. Gizo na tsaye cikin laka ya ce, "Ku yi dariya, kun yi gaskiya. Na gudu daga cefanen rana ɗaya, na samo wa kaina aikin har abada. A yi mini murna."

Da aka koma gari, Giwa ta sa aka ɗauko kibiyar yaƙi ta gaske daga ɗakin kakanninta, baƙa ƙirin da dafi, kunnuwa kamar ƙugiya. Ta ajiye a gabansa ta ce, "Gizo, ka taɓa ganin irin wannan?"

Gizo ya ja da baya, ya leƙa ta daga nesa ya ce, "Ranki ya daɗe, ban taɓa ba. Wannan kitson nata ai sai kan da ya gaji da duniya."

To, kun ji, yara. In mutum ya zo muku da babbar magana, kada tsoro ya hana ku tambayarsa wacce yake nufi, don da Akuya ta tambaya, da furarta na nan. Kuma wanda ya laɓe a bayan kalma mai fuska biyu ya ci abin mutane, ko bai yi ƙarya da baki ba ya yi ta da zuciya, wata rana kuma za a ce ya zo ya nuna a aikace.

Ƙungurus kan ɗan kusu. Ku tashi ku kwanta, Lantana har ta fara gyangyaɗi a kafaɗata.