Mutumin da Ya Ci Aiki da Sunan Mamaci

Ku gafarce ni, ya 'yan uwa. Ni ba malama ba ce, ban ma taɓa rubuta abin da wani zai karanta ba. Amma kullum ina ganinku a bakin allon nan kuna duba sanarwar aiki da takardu a hannu, shi ya sa na kasa yin shiru.

An yi wani mutum a wani ƙauye kusa da Tajaye. Bai ƙare lakwal ba, wato makarantar boko, amma Allah ya ba shi kai: in ya ga an gyara abu sau ɗaya, ya iya ke nan. Yana da ɗan baffa mai suna Alkasum Munkaila, bahago, wanda ya yi karatun aikin ruwa har ya samu difilom. Wata biyu da samunta, sanƙarau ya kashe shi.

Ranar sadakar uku, ana raba gumba a waje, mutumin nan ya shiga ɗakin mamacin ya buɗe akwati. Ya ɗauki difilom da takardar haihuwa, ya sa a riga. Ya ce a ransa, me mamaci zai yi da takarda?

Ya sauya hoton da ke jikin takardun, ya tafi Konni, ya samu aiki a wani furoje, wato ma'aikata mai haƙa rijiyoyi. Daga ranar kowa Alkasum yake ce masa. Ya iya aikin kuwa, har darekta ya riƙa cewa, "Ku dubi Alkasum, ku da kuka zo buro shan shayi." Ya yi aure da sunan. Ya haifi 'ya'ya biyu, aka rubuta su da sunan. Ƙauye kuwa ya daina zuwa.

A shekara ta uku abin ya fara. Da rana tsaka darekta zai kira daga buronsa, wato ofishinsa, "Alkasum." Kafin ya buɗe baki, sai ya ji an amsa "na'am" daga bayansa, a hankali. Ya waiwaya, kabad ɗin takardu ne kawai.

Wata rana sakatariya Ummul-Khairi ta kawo masa takarda ya sa hannu, ta tsaya tana kallonsa.

"Shef, yaushe ka koma bahago?"

Ya duba. Alƙalamin yana hannunsa na hagu, rubutun kuma ba nasa ba ne. Ko zuciyarsa ce take yi masa haka, ko wani abu ne, Allah ne masani. Ni dai yadda na ji na rubuta.

Shin bai isa gargaɗi ba? Da ya je ya faɗa wa darekta gaskiya a ranar. Amma an fara maganar ƙara masa girma, sai ya ce bari a ƙara tukuna.

Aka ƙara masa a 2006. Aikin farko da aka ba shi, rijiya ce a ƙauyensu. Ya ce ba shi da lafiya. Darekta ya yi dariya ya ce, "Ɗan gari ya ƙi zuwa gida? Shiga mota, ni zan tuƙa."

Jama'a sun taru a ƙofar maigari da hantsi. Darekta ya tashi ya dafa kafaɗarsa.

"Ga ɗanku na kawo muku. Alkasum Munkaila, shi zai ba ku ruwa."

Babu wanda ya tafa. Sai wata tsohuwa ta taso daga cikin mata tana lalube da sanda. Mairo ce, uwar mamacin, idanunta sun tafi.

"Mi kac ce, Alhaji? Sake faɗi in ji."

Darekta ya sake faɗi. Ta zo har gaban mutumin, ta shafa fuskarsa, ta kama hannunsa na hagu ta riƙe.

"Hannun kam na sani," ta ce. "Fuskar ce ba tashi ba. Shekara shida da munka kai shi, yaro. Mi ya hana ka bar shi shi kwanta?"

Ba a kai shi wurin jandarma ba, don maigari ya roƙa. A hanyar komawa, da suka wuce Tsarnawa, darekta ya juyo gare shi.

"Da ka zo mini da sunanka, ba takarda ko ɗaya, da na ɗauke ka koyon aiki. Yanzu wa zan rubuta wa shaidar aiki? Mai aikin ba shi da suna, mai sunan yana ƙasa."

Shekara shida na gwaninta suka tafi kabari tare da mai sunan. Matarsa ta koma gidansu. Yanzu yana zama a tashar Konni. In an kira shi da sunan da ubansa ya raɗa masa, ba ya motsi. In an ce Alkasum, sai ya waiwaya bayansa yana jiran wani ya amsa.

Ya 'yan uwa, ku shiga aiki da abin da kuke da shi, ko ƙarami ne. Wanda bai iya ba ya ce bai iya ba, a koya masa. Farawa daga ƙasa ba abin kunya ba ne. Allah ya tsare mu da sunayenmu, ya kiyaye mu daga hawan da ba namu ba. Amin.

Mai gadin allon nan ya tafi alwala. Bari in liƙa wannan takardar kafin ya dawo, in wuce.