Damisa da Dokar Ganye

Ga ta nan, ga ta nanku, ku gyara zama.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

Wata shekara aka yi fari a daji. Sai wani tsohon Kunkuru, wanda bai taɓa cin komai ba sai ganye, ya roƙi Allah, ruwa ya sauka. Giwa, sarauniyar dajin, ta ce ai cin ganye ne ya tsarkake shi. Sai ta kafa doka: kowa ganye zai ci, wanda ya taɓa nama a kore shi.

Lokacin Damisa tana jego da 'ya'ya biyu. Ita ma tana son addu'arta ta karɓu, sai ta bi doka. Ta ci tafasa, ta amayar. Ta ci rama, cikinta ya yi ta murɗawa. Ta ci zogale, sai nononta ya ƙafe. Ƙaramin ɗanta ya tsotsa ya tsotsa, har ya daina ko kuka.

Sai ta ɗauke shi a baki ta tafi fada, ta ajiye shi gaban jama'a, ta roƙi a sassauta mata. Giwa ta ce ta ƙara haƙuri, yunwa ce ke wanke zuciya.

Damisa ta dubi ɗanta, sai ta juya wajen Kunkuru.

"Malam, buɗe bakinka mu gani."

Ya buɗe. Ko haƙori ɗaya babu. Sai ita ma ta buɗe nata, har Barewa da ke cikin taron ta ja da baya saboda tsinin haƙoranta.

Damisa ta ce, "Wanda ya yi maka wannan bakin shi ya yi mini nawa. Ci ganyenka, Allah ya ƙara albarka. Ni yau zan yi farauta, kuma ba a ɓoye ba."

Kunkuru ya ce shi bai taɓa hana kowa abincinsa ba, ba a dai tambaye shi ba ne. Giwa ta fusata, ta ce an kori Damisa, kuma addu'arta ba za ta wuce kan bishiya ba.

Damisa ta ce, "Ranki ya daɗe, ba ke ke karɓa ba."

Ta kwashi 'ya'yanta ta hau duwatsu. Kafin rana ta faɗi ta kama gada. Kwana uku nono ya dawo, yaron ya miƙe da ƙafarsa. Daga baya Giwa ta aika a kira ta ta dawo, amma Damisa ta ƙi zuwa. Shi ya sa har yau Damisa ke zaune ita kaɗai.

To ku ji: abincin da ya karɓi wani yana iya kashe wani, kuma tsarkin zuciya ba a cikin akushi yake ba.

Ƙurunƙus kan ƙadangare.