Gayyatar Suna a Shiri na Arba'in

Ga ta nan ta taso, ga ta nanku!

Ta ƙaraso mu ji ta!

Dabbobin daji suka buɗe zaure a waya, kowa ya naɗi shiri da muryarsa ya tura. Hawainiya sau ɗaya take turawa a mako, amma kowa ɗokin nata yake. Aku kuwa kullum arba'in, duk gaishe-gaishe: "Ina gaida kawuna, ina gaida maƙwabcin kawuna!"

Hawainiya ta ce, "Malam Aku, a rage mana, kunnuwa sun gaji."

Ya ce, "Hajiya, mu masu baki ne!"

Rannan matar Aku ta yi ƙyanƙyasa. Ya sa gayyatar suna a shiri na arba'in, bayan ya gaida dangi kaf. Ranar suna aka tuƙa tuwo, aka soya nama, shiru. Can sai ga Kura tana lasar baki.

Aku ya ce, "Ke kaɗai? Ina jama'a?"

Ta ce, "Suna can suna sauraron Hawainiya. Wa ke buɗe naka? Ni ma yunwa ce ta sa na saurara har ƙarshe, ko za a ambaci abinci."

Ta suɗe tukwane tas, ta ce, "Allah ya raya! Gobe ka ƙaro gaisuwa."

Ƙurunƙus! Ɗan ɓera ya ɗauke ta a ka, ya shige rami.