Rijiyar Taɓa-ka-bari

Akwai wani mutum a wani ƙauye wanda hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. Yana yaro ya bi makiyaya daji. Da ya tasa ya koma maƙera yana zuga wuta, daga nan ya koyi tufkar igiya, ya kuma daɗe yana bin magina. Kowanne yana sonsa har ransa, amma mutanen gari suka laƙaba masa Taɓa-ka-bari. Mahaifinsa, wanda tsufa ya riga ya cinye wa ƙafafu, yakan ce, "Ɗana, in an tambaye ni sana'arka, me zan ce?" Shi kuwa sai kunya ta kama shi.

Ana nan sai rijiyar garin ta ƙafe. Dattawa suka ce in ba a sami ruwa ba, tashi za a yi. Mutumin ya dubi mahaifinsa, ya san tsohon nan a hanya zai mutu.

Aka nemi mai haƙa sabuwa. Maƙeri ya ce shi ƙarfe ya sani. Magini ya ce shi sama yake gini, ba ya shiga rami. Makiyayi ya san inda ruwa yake kusa, amma bai taɓa riƙe diga ba. Kowa da gaskiyarsa.

Sai mutumin ya tuna wani kwari inda ciyawa ba ta bushewa ko da bazara. Ya ƙera diga, ya tufka igiya, ya fara haƙa. Da ƙasa ta soma zubowa, ya ɗaure bangon da duwatsu yadda magina suka koya masa. Bai daina ba sai da ruwa ya taɓa idon sawunsa.

Gugan farko mahaifinsa ya kai wa. Tsohon ya sha, ya goge baki, ya ce, "To, yanzu na san abin da zan ce." Daga ranar, garuruwa suka riƙa aikowa a kira shi.

Ma'anar wannan misali ita ce: sana'o'in nan su ne baiwar da Ubangiji yake zuba wa mutum. Wani guda ɗaya aka ba shi, wani da yawa, kuma ba a ba kowa a banza ba. Sai dai ku lura, mutumin nan bai bar ko ɗaya a kan lalaci ba. Kowanne ya koya da gaske. In kana cikinmu yau ana yi maka dariya don hannunka ya taɓa abubuwa da yawa, kada ka zubar da ko ɗaya. Akwai aikin da sai an haɗa su duka yake yiwuwa, akwai kuma masu ƙishirwa suna jiranka.